Fashin baƙi kan 2,147,483,647, lambar da ta yi suna sau biyu

Duk wanda ya taɓa zama rubuta manhajar kwamfuta, ko da na 'yan watanni ne, ya san lambar nan: 2,147,483,647. Biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. A wurinsa ita ce iyakar da ƙidayar na'ura take cin tura. Masana lissafi kuwa sun san ta tun ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera kwamfuta, kuma abin da ya ja hankalinsu gare ta daban ne: duk girmanta, babu wata lamba da take raba ta daidai ba saura, in ban da 1 da ita kanta. Mutane da yawa suna cakuɗa waɗannan sunaye biyu, suna zaton ɗaya ne ya haifi ɗayan. Kowanne da asalinsa, kuma sai an ware su ake gane me ya sa wasu siffofin lamba suke da nauyi, wasu kuwa ado ne kawai.

Mu fara da yadda aka gina ta. A ce mutum ya ajiye kwabo ɗaya ranar ɗaya ga watan Janairu, washegari kwabo biyu, rana ta uku huɗu, ta huɗu takwas, kullum yana ninka na jiya. A rana ta biyu yana da 3 a hannu, a ta uku 7, a ta huɗu 15, a ta biyar 31. Kullum jimillar tana gaza ajiyar gobe da kwabo ɗaya tak. Ranar 31 ga wata abin da ya tara shi ne kwabo 2,147,483,647, wato naira miliyan 21 da dubu 474 da 836 da kwabo 47. A rubuce ana cewa 2³¹ − 1: a jera 2 guda talatin da ɗaya, a ninka su da juna, a cire ɗaya. Kusan duk abin da za a faɗa game da lambar nan daga wannan gini yake fitowa.

Idan aka buɗe shafukan da ke jero siffofin lambobi, za a tarar da abubuwa kamar haka: alƙalumanta goma ne, ta ƙare da 7, idan aka tara alƙaluman za a sami 46. Gaskiya ne, amma waɗannan siffofi ne na rubutunmu na goma-goma, ba na lambar kanta ba. A tsarin da kwamfuta take ƙidaya, wanda babu komai cikinsa sai 0 da 1, lambar nan 1 ce guda talatin da ɗaya a jere, babu sifili ko ɗaya. Amfanin siffofin rubutu shi ne gwajin gaggawa. Ƙarewa da 7 ya nuna mara ce, ba cika ba, kuma 5 ba ta raba ta. Jimillar 46 ta nuna 3 da 9 ba sa raba ta, domin 46 ɗin ma ba su raba ta ba. Daga nan amfaninsu ya ƙare.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne maƙwabtanta. Wadda ke gabanta, 2,147,483,648, ba komai ba ce sai 2 da aka yi ta ninkawa, ana iya raba ta biyu har sau talatin da ɗaya. Wadda ke bayanta, 2,147,483,646, tana wargajewa zuwa 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331, kuma lambobi 192 ne suke raba ta daidai. Tsakanin waɗannan biyu masu saurin tsagewa ne tamu take zaune, masu raba ta biyu kacal. Wannan ma ya bayyana wani abu: tunda 7 da 11 da 31 da 151 da 331 duk suna raba ta bayan, to idan aka raba tamu da kowace daga cikinsu, saura 1 zai rage.

Irin wannan lamba da ba ta rabuwa, wadda ɗalibai suka sani da firam, zan riƙa kiranta gagara-raba. 2, 3, 5, 7, 11, 13 duk 'yan wannan aji ne. Tabbatar da ƙaramar lamba abu ne mai sauƙi. Tabbatar da mai alƙaluma goma, da alƙalami da takarda, wani aiki ne daban.

Sauƙin farko da ake samu shi ne ba sai an gwada duk lambobin da ke ƙasa da ita ba. Idan lamba ta rabu gida biyu, dole ɗaya daga cikin gidajen ya kasance ƙarami. 46,341 sau 46,341 ya riga ya zarce lambarmu, saboda haka in tana da mai raba ta, za a same shi a ƙasa da 46,341. Kuma gagara-raba kaɗai za a gwada, domin abin da 6 ta raba, 2 da 3 sun riga sun raba shi. Duk da haka abin da ya rage ya kusa dubu biyar, kowanne rabawa ce doguwa ta lamba mai alƙaluma goma, kuma kuskure ɗaya ya isa ya rushe aikin gaba ɗaya.

A nan ne ginin lambar ya yi rana. Pierre de Fermat, wani lauya Bafaranshe da ke lissafi a lokacin hutunsa, ya gano a 1640 cewa masu raba irin waɗannan lambobi ba sa zuwa barkatai. Ɗauki 2¹¹ − 1, wato 2,047. Tana rabuwa zuwa 23 × 89. Duba da kyau: 23 ita ce 22 da ɗaya, 89 kuma 88 da ɗaya, wato 22 sau huɗu da ɗaya. Ita kuma 22 ninkin 11 ce. Haka 2²⁹ − 1, wato 536,870,911, take rabuwa zuwa 233 × 1,103 × 2,089, kuma kowanne daga cikinsu idan aka cire masa ɗaya, 58 tana raba shi. To ga tamu, mai 31 a sama, duk wanda zai raba ta sai ya zama 62 sau wani abu, da ɗaya. Nan take aka zubar da mafi yawan abin gwaji.

Leonhard Euler, wani babban masanin lissafi ɗan ƙasar Switzerland, ya ƙara matse bakin jakar. Ya san cewa mai raba irin wannan lamba, idan aka raba shi da 8, dole saura ya zama 1 ko 7. Da aka haɗa sharuɗɗan biyu, sai ya rage iri biyu kawai: 248 sau wani abu da ɗaya, ko 248 sau wani abu da 63. Jerin yana farawa da 63, 249, 311, 497, 559, kuma zuwa 46,341 bai kai lambobi ɗari huɗu ba. A cikinsu ma da yawa ba sa buƙatar gwaji, domin su kansu suna rabuwa: 63 ita ce 7 × 9, 249 ita ce 3 × 83, 497 ita ce 7 × 71. Ta farko da ta cancanci gwaji ita ce 311. Mai karatu na iya gwadawa da kansa: 311 tana shiga lambarmu sau 6,905,092, saura 35. Ba ta raba ta ba, sai a wuce ta gaba. Haka Euler ya bi su, kuma a 1772 ya sanar a wata wasiƙa zuwa ga ɗaya daga cikin iyalan Bernoulli, wani gidan masana lissafi, cewa babu wadda ta raba ta. A lokacin yana St Petersburg ta Rasha, yana da shekara 65, idanunsa kuma kusan sun tafi gaba ɗaya. Lambar ta shafe shekaru da dama a matsayin gagara-raba mafi girma da ɗan Adam ya tabbatar.

Ina ganin wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙa auna duk wani laƙabi da aka manna wa lamba. Cewa jimillar alƙalumanta 46 ce bai rage wa kowa aiki ba. Cewa tana da siffar 2³¹ − 1 ya mayar da aikin dubbai zuwa wanda tsoho marar gani zai iya kammalawa.

Kafin Euler an sha yin iƙirari a kanta ba tare da hujja ba. Pietro Cataldi na birnin Bologna a Italiya ya tabbatar a 1588 cewa 131,071 da 524,287, wato masu 17 da 19 a sama, ba sa rabuwa, kuma ya yi daidai. Sai ya zarce ya ce haka ma masu 23 da 29 da 31 da 37. A cikin huɗun nan ɗaya kaɗai ya dace. Fermat ya nuna 47 tana raba mai 23, 223 kuma tana raba mai 37, Euler ya rushe mai 29. Marin Mersenne, wani malamin coci a Faransa wanda yanzu ajin gaba ɗaya yake ɗauke da sunansa, ya fitar da nasa jerin lambobin da ke sama a 1644: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127, 257. Shi ma ya saka biyu da ba su cancanta ba, 67 da 257, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. Sai a 1903 Frank Nelson Cole ya fito da masu raba 2⁶⁷ − 1 a wani taron masana lissafi a New York: 193,707,721 × 761,838,257,287. Saboda haka Cataldi da Mersenne duk sun faɗi gaskiya game da 31, amma ba su san gaskiya ce ba, tunda da bakin da suka faɗe ta suka faɗi wasu da ba haka ba. A jerin da aka tabbatar, lambarmu ita ce ta takwas cikin gagara-raban Mersenne, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287.

Akwai kuma wani ƙaramin aji a cikin ajin. Ita 31 da ke sama, ita ma 'yar gidan ce, domin 2⁵ − 1 ce. Gagara-raba masu irin wannan ninkin asali huɗu kacal aka sani: 7, da 127, da tamu, da 2¹²⁷ − 1 mai alƙaluma 39, wadda Édouard Lucas ya tabbatar da hannu a 1876.

Me ya sa tun farko aka damu da waɗannan lambobi? Saboda wani tsohon rabe-rabe da ya samo asali daga Girkawa, malaman lissafi na Larabci kuma suka gada suka faɗaɗa. Ana ɗaukar lamba, a tara duk masu raba ta ban da ita kanta. Idan jimillar ta gaza ta, mai giɓi ce: masu raba 8 su ne 1, 2, 4, jimilla 7. Idan ta zarce, mai rara ce: masu raba 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6, jimilla 16. Idan kuwa ta zo daidai wa daida, cikakkiya ce, kamar 6 da 28. A wannan ma'auni lambarmu tana can ƙarshen masu giɓi, domin jimillar tata 1 ce, kamar kowace gagara-raba. Amma ita ce mabuɗin wata cikakkiya. Yuklid, masanin lissafin Girkawa, ya nuna tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa cewa duk lokacin da jimillar ninkin nan, 1 da 2 da 4 da 8, ta faɗa kan gagara-raba, to idan aka ninka jimillar da ajiyar ƙarshe za a sami cikakkiya. 1, 2, 4, 8, 16 sun ba da 31, sai 31 × 16 ya ba da 496. A gwada: masu raba 496 su ne 1, 2, 4, 8, 16, waɗanda suka tara 31, sai 31, 62, 124, 248, waɗanda suka tara 465. Jimilla 496. Ibn al-Haytham, ɗaya daga cikin malaman lissafi na Larabci, ya yi ƙoƙarin nuna cewa babu wata hanyar samun cikakkiya sai wannan, Euler kuma ya kammala hujjar ga duk cikakkiyar da take cika. Da tabbatar da lambarmu, sai duniya ta sami cikakkiya ta takwas: 2,305,843,008,139,952,128. Ko akwai cikakkiya da take mara, har yau ba a samu ba, ba a kuma tabbatar babu ba.

Wata siffa da ba a cika ambata ba: idan aka raba lambarmu da 8, saura 7 ne. Duk lambar da ke haka ba a iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i biyu ko uku, sai huɗu (murabba'i shi ne abin da ake samu idan aka ninka lamba da kanta, kamar 1, 4, 9), kamar yadda ita 7 ɗin kanta sai an ce 4 da 1 da 1 da 1. Masanin lissafi Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu suna isar kowace lamba, tamu kuma tana cikin waɗanda ba sa karɓar ƙasa da haka.

Yau ba a bin hanyar Euler. Lucas ya ƙirƙiro wani gwaji da Derrick Lehmer ya gyara a 1930, wanda ba ya neman mai rabawa sam. Ana farawa da 4, a ninka ta da kanta, a cire 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe saura, a maimaita. Ga 31: daga 4 sai 14, 14 × 14 a cire 2 ya ba da 194, saura 8, 8 × 8 a cire 2 ya ba da 62, saura sifili. Taku uku, wato 5 a cire 2, aka dira kan sifili, kuma wannan shi ne shaidar. Ga lambarmu taku 29 ne kawai. Da wannan gwaji da danginsa ne shirin GIMPS, wanda George Woltman ya kafa a 1996, yake farautar manyan gagara-raban Mersenne da kwamfutocin 'yan sa-kai. A Oktoban 2024 Luke Durant ya gano wadda ke da 136,279,841 a sama, mai alƙaluma 41,024,320, ita ce ta 52 da aka sani. Ko jerin yana da ƙarshe, babu wanda ya iya tabbatarwa.

Yanzu sai suna na biyu. Kwamfuta tana ajiye lamba a gurabe ƙayyadaddu, kowane gurbi 0 ko 1, abin da ake kira bit. Tsarin da ya mamaye duniya shekaru da dama yana da gurabe 32. Ana ware ɗaya don nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi, saura 31. Idan aka cika su duka da 1, an sami 2,147,483,647. A ƙara ɗaya kawai, sai kowane gurbi ya koma sifili yana tura ɗaya gaba, har turin ya faɗa cikin gurbin alamar, lambar ta juye ta zama −2,147,483,648. Mai rubuta manhajar kuɗi da ya ajiye ma'auni da kwabo a irin wannan gurbi, manhajarsa za ta rikice da zarar asusu ya kai wajen naira miliyan 21 da rabi.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Ranar 1 ga Janairun 2022 saƙonnin imel sun maƙale a na'urorin Microsoft Exchange na ma'aikatu da dama, saboda an rubuta lambar sabuntawa da tsarin kwanan wata, 2201010001, wadda ta zarce iyakar. Babbar kuma tana tafe. Tsarin Unix, manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da dama, da 'ya'yansa suna ƙidaya lokaci da daƙiƙoƙi tun daga farkon 1 ga Janairun 1970. Daƙiƙa ta 2,147,483,647 za ta cika ranar 19 ga Janairun 2038 da ƙarfe 3:14:07 na dare agogon GMT, wato 4:14:07 agogon Najeriya da Nijar. Na'urar da ba a gyara ba za ta wayi gari a 13 ga Disamban 1901. Sababbin wayoyi da kwamfutoci sun koma gurabe 64, wanda ƙidayarsa za ta kai shekara biliyan 292. Abin damuwa shi ne ƙananan na'urorin da ke binne cikin injina da mitoci da kayan masana'antu, waɗanda aka girka aka manta, da kuma tsofaffin rumbunan bayanai da har yanzu suke ajiye lokaci a gurabe 32.

A cikin duk wannan babu inda rashin rabuwar lambar ya shigo. Injiniyoyi sun zaɓi 32 ne saboda ninkin 8 ce, ba don sun karanta wasiƙar Euler ba. Hujja kuwa ita ce sauran iyakokin. Iyakar gurabe 16 ita ce 32,767, wadda take 7 × 31 × 151. Dalilin a bayyane yake: 1 guda goma sha biyar a jere ana iya yanka su uku-uku ko biyar-biyar, 111 kuwa ita ce 7, 11111 ita ce 31. Iyakar gurabe 64, wato 9,223,372,036,854,775,807, ita ma 7 tana raba ta, domin 63 tana yankuwa uku-uku. Dace ne kawai ya sa 32 a cire ɗaya ta faɗa kan 31, wadda ba ta yankuwa, kuma ko hakan bai wadatar ba, kamar yadda 11 da 23 da 29 suka nuna.

Wuri ɗaya na sani da sunayen biyu suka haɗu suka yi aiki tare, kuma shi ne ya fi burge ni. Kwamfuta tana buƙatar lambobi masu kama da na ƙuri'a, don gwaje-gwajen kimiyya da wasanni da kwaikwayon yanayi. Lehmer ɗin nan dai ya kawo wata dabara: a ɗauki lamba, a ninka ta da wata tsayayya, a raba da wata babba, saura shi ne lamba ta gaba. Ingancin dabarar ya rataya ga babbar. A gwada da 8, ana ninkawa da 2: 1, 2, 4, sai sifili, daga nan komai ya mutu. A gwada da 15, ana ninkawa da 7: 1, 7, 4, 13, sai a dawo 1, taku huɗu kawai, kuma babu abin ninkawar da zai zagaya duka goma sha huɗun. A gwada da 7, wadda gagara-raba ce, ana ninkawa da 3: 1, 3, 2, 6, 4, 5, sannan 1. An taɓa kowace kafin a maimaita. Idan babbar gagara-raba ce, ba a taɓa faɗawa sifili, kuma tabbas akwai abin ninkawar da zai kewaye duka.

To ga mai na'ura mai gurabe 32, babu abin da ya fi a ce lamba mafi girma da gurabensa ke ɗauka ita kanta gagara-raba ce. A 1988 Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar a ɗauki 2,147,483,647 da abin ninkawa 16,807, wato 7 guda biyar da aka ninka da juna, a matsayin mafi ƙarancin ma'aunin da ya kamata kowa ya kai. Idan aka fara da 1, ana samun 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073, kuma jerin ba ya maimaita kansa sai ya taɓa lambobi 2,147,483,646 ɗaya bayan ɗaya. Bai dace da aikin sirri ko tsaron banki ba, domin wanda ya ga lamba ɗaya ya san ta gaba, kuma an sami waɗanda suka fi shi tun daga lokacin. Amma har yanzu yana cikin ƙa'idar C++, wani harshen rubuta manhaja, tare da gwajin da ake tabbatar da an rubuta shi daidai: a fara da 1, a juya sau 10,000, dole a sami 1,043,618,065.